Dala Ashirin a Damtsen Kaka

Diza, wannan babin naki ne, ko da yake sai kin iya karatu za ki san da shi. A ƙugunki akwai jigida ta baƙin zare, a jikinta kuma akwai tsabar dala ashirin, wato sefa ɗari, da aka huda. Kin sha tambayata me ya sa ke kaɗai a cikin yaran gidanmu kike yawo da kuɗi a ƙugu, ni kuma ina ce miki ado ne. Ba ado ba ne. Tun da Kaka ta rasu nake jin magana iri biyu a unguwarmu ta Zongo a nan Lome. Wasu suna cewa allurar korona ce ta bi ta a hankali har ta kai ta ƙasa. Babanki kuma, idan aka tayar da zancen, sai ya sosa ƙeya ya ce shi bai tuna an yi wata rigima ba. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ina wurin. Ni ba mai magana ba ce, kin san halin gwaggonki. Yanzu ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, amma har yau idan malami ya kira sunana sai na ji harshena ya yi nauyi. Sai dai ina kallo, kuma abin da na gani ba ya barin kaina. Shi ya sa nake rubutawa.

Gidanmu kin san shi, gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna suna kallon juna, rijiya a kusurwa, da kwata da ta raba tsakar gidan biyu tana kai ruwan wanke-wanke waje. Ɗakin Kaka yana gabas da kwatar, a nan nake kwana tun ina jinjira. Ɗakin babanki, Yaya Idi, yana yamma. Kaka uwar babanmu ce, mutanen unguwa suna ce mata Mma Ladi. Babanmu direban tirela ne tsakanin tashar jirgin ruwa da ƙasashen arewa, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Mahaifiyarmu kuwa wajen haihuwata ta rasu, Yaya Idi yana ɗan shekara goma sha biyu. Kaka ce ta raine mu mu biyun.

Sana'ar Kaka wanka ne. Duk macen da ta haihu a layinmu da layukan da ke kewaye, Kaka ake kira ta yi wa jariri wanka safe da yamma, ta kuma yi wa uwar wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya har ta yi arba'in. Kayan aikinta ba yawa: kujerar tsugunno da ta yi sheƙi saboda zama, daron silba mai loɓa a gefe, sabulun salo, da man kaɗanya a cikin gwangwanin madara. Takan miƙe ƙafafu a kan daron, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta, ta miƙe masa hannuwa, ta lanƙwasa ƙafafu, tana yi masa zance kamar wani babba. Ba ta taɓa gwada zafin ruwa da yatsa ba. Gwiwar hannun hagu take tsomawa, ta ɗan lumshe ido, ta ce "ƙara na sanyi" ko "ya yi". A kan damtsen hagun nan kuma take ɗora kan jariri idan za ta shafe shi da mai. Ki riƙe wannan, don hannun hagun nan shi ne dukan labarin.

Shekarar da nake ba ki labari ina da sha huɗu. Mamanki, Mariama, tana da cikinki, cikin fari. Daga Konni ta ƙasar Nijar aka kawo ta, kuma bisa al'ada gida ya kamata ta tafi ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can. Amma an rufe iyaka saboda cutar, motar kaya kaɗai ke wucewa. Ita ba ta iya tafiya, uwarta ba ta iya zuwa. Babu wanda ya damu sosai, don kowa ya san Mariama ta faɗo gidan Mma Ladi. Kaka har ta sa an yi wa daron sabon lici, ta ce tattaɓa-kunnenta na fari ba zai yi wanka a daro mai yoyo ba.

Sai allura ta iso Lome da zafin bazara, aka ce tsofaffi da ma'aikatan asibiti za a fara yi wa. Yaya Idi gyaran waya yake yi a kasuwa, duk saƙon muryar da ke yawo a duniya sai ya bi ta hannunsa. Kullum ya dawo da sabo. Yau a ce allurar tana hana haihuwa, gobe a ce duk wanda ya karɓa ba zai wuce shekara biyu ba. Wata rana ya ƙure rediyon Faransanci a tsakar gida, ana cewa wasu ƙasashen Turai sun dakatar da irin wadda aka kawo mana saboda jini ya daskare wa wasu mutane.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Su da suka yi ta sun ajiye, mu aka kawo wa. Zazzaɓin sauro tun kakanni yana kashe mu ba su samo masa allura ba, wannan kuwa shekara ɗaya cak har sun gama. Wala, ku yi tunani mana."

Ba zan ce miki duk maganarsa ƙarya ce ba. Malaminmu na kimiyya ya ce mana gaskiya ne an samu masu daskarewar jini, amma 'yan ƙalilan ne a cikin tarin jama'a, kuma cutar kanta ta fi allurar haɗari ga tsoho. Ya ce saurin da aka yi ba tsafi ba ne, masana sun daɗe suna aiki a kan dangin wannan cutar, kuma wannan karon masu kuɗin duniya ne suka tsorata, shi ya sa aka zuba komai. Na ji wannan duka a aji, na dawo da shi gida a cikina, ban faɗa wa kowa ba.

Kaka ba ta je aji ba, ba ta kuma yi gardama da rediyo ba. Tana tsintar shinkafa ta miƙo mini ƙaramar wayarta.

"Zuwaira, an ce da waya ake sa suna. Sa nawa."

"Kaka, Yaya zai yi faɗa."

"Na wanke kashin Yayan naki kafin ya san sunansa. Sa."

Da yamma, ina tsefe mata kai, ta janye wuyan rigarta ta nuna mini wani tabo a damtsen hagu, zagayayye, mai ƙyalli, wanda na sha gani ban taɓa tambaya ba. Ta ce tabon lamba ne. Lokacin tana budurwa a tsohon Zongo na cikin gari, kafin a rushe shi a kwaso mu nan, agana ta shigo. Masu lamba suka bi gida gida. Aka ce su ma kashe 'ya'yan Musulmi suka zo yi. Uwarsu ta ɗauki ƙanwarta Asabe ta saka a cikin randar da ba ruwa ta rufe da faifai. Ita Kaka tana wajen tallan goro, a bakin kasuwa aka tare ta aka yi mata, ta dawo tana kuka, uwarsu ta yi ta goge wurin da lemun tsami.

"Kafin damina ta sauka Asabe ta kwanta," in ji Kaka. "Ni na yi jinyarta, tabarma ɗaya muke kwana. Ko ƙurji ɗaya bai fito mini ba. Ni na riƙe butar da aka yi mata wankan gawa." Ta gyara wuyan rigar. "Ni kuma gida gida nake shiga, ina huci a kan jarirai da masu jego. Ba zan zama randar da za a kai musu ciwo a ciki ba."

Na raka ta ƙaramin asibitin unguwa. Mun ɗaura takunkumi, Kaka ta sa nata ƙarƙashin hanci don ta ce yana hana ta jin magana. Wadda ta yi mata allurar wata 'yar ƙabilar Ewe ce mai ƙiba da fara'a, suka yi ta hira da yaren Mina. Kaka ta tambaye ta ko ita ta yi. Matar ta naɗe hannun riga ta ce duk wanda ke aiki a gidan nan ya riga ya yi tun satin farko, har ungozomomin ɗakin haihuwa da mai shara. Ta ce wataƙila zazzaɓi ya zo, a sha farasitamol, idan ciwon kai ya yi tsanani ya ƙi tafiya ko ƙafa ta kumbura a dawo da gudu. Ta tambayi wane hannu. Kaka ta miƙa na hagu.

"Nan, kusa da 'yar'uwarta."

Zazzaɓin ya zo, kuma ba zan rage miki shi ba. Washegari da azahar, rana tana dukan kwano kamar za ta narka shi, Kaka tana kwance ƙarƙashin zannuwa uku haƙoranta suna haɗuwa. Damtsen ya kumbura ya yi ja, ko iska ta taɓa shi sai ta yi tsaki. Wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino ya fito mata a hammata. Ta ƙi abinci, ta yi ta kiran Asabe. Na tsorata ƙwarai. Na zauna ina jiƙa tsumma ina ɗora mata a goshi, ina duba ƙafafunta kamar yadda matar asibiti ta ce, ina jin matan gidan suna wucewa ta ƙofar suna rage murya. Mma Salamatu, mai sayar da koko da ke ɗakin kusa da rijiya, ta leƙo ta ce mini in fara neman babanmu a waya. A rana ta uku Kaka ta tashi zaune, ta ce wa ya hana a ba ta tuwo.

A yammacin rana ta huɗu aka yi abin kuɗin. Kaka tana zaune a tsakar gida tana shan iska, na gama shafa mata man kaɗanya a damtsen don kumburin ya sauka. Yaya Idi ya shigo da babur, ya cire hular kwano, zufa tana zuba masa. Ya ga wani bidiyo da ke cewa akwai maganaɗisu a cikin allurar. Ya laluba aljihu ya fito da dala ashirin.

"Kaka, ara mini damtsenki."

Ta miƙa masa tana dariya. Ya ɗora kuɗin ya danna, ya janye hannu. Kuɗin ya zauna.

"Innalillahi!" Mma Salamatu ta saki ludayi. "Ku zo ku gani! Ƙarfe ya kama jikin Mma Ladi!"

Mata suka fito daga ɗakuna, har da na gidan maƙwabta. Mamanki tana bakin ƙofarta, hannu a kan ciki. Ni na san man da na shafa, yana nan a tafin hannuna yana ƙyalli. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɓamɓare kuɗin daga damtsen Kaka, na yi ɗage, na manna shi a goshin Yaya Idi mai zufa. Ya zauna daram, kamar tabon salla. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Na ɗauka magana ta ƙare.

"Kun gani?" Mma Salamatu ta dafe ƙirji ta ja da baya. "Taɓa ta kawai ya yi, har ya kama shi! To ina ga jariri?"

Yaya Idi ya share goshinsa da ƙarfi, kuɗin ya faɗi ya gangara bakin kwata. Ya tafi rijiya ya yi ta wanke hannu da sabulu. Kaka ta miƙa ƙafa ta jawo kuɗin, ta ƙulle shi a haɓar zani.

"Wannan ya zama nawa," ta ce. "Kuɗin kallo ne. Ko biri aka kawo ai sai an biya."

Daga ranar aka daina kiran Kaka. Wata da ta haihu a layin masallaci, wadda Kaka ce ta wanke ta ita kanta tana jaririya, ta aiko a ce ta gode, ta samu wata. Masu ciki idan suka hango ta a hanya sai su tuna sun manta wani abu a gida. Daron ya kife a bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsa. Kaka ba ta yi ƙorafi ba, amma na lura da safe, lokacin da ta saba fita, takan zauna tana murza gwiwar hannunta na hagu da tafin dama.

Da azumi ya wuce, lokacin allura ta biyu ya matso, cikin mamanki kuma ya tsufa. Uwarta tana turo saƙon murya daga Konni tana kuka, tana cewa kada a bari mai allura ta taɓa mata jika. Yaya Idi ya zo ya tsuguna a ƙofarmu.

"Kaka, mu yi haka. Kada ki je ta biyun. Ta farkon wataƙila ta fita daga jikinki kafin a haihu. Sai ki yi wankan."

"Idan na je fa?"

"To ba za ki tsallaka kwatar nan ba." Ya sunkuyar da kai. "Kaka, ina tsaye aka fitar da Mma daga gidan nan a naɗe. Ba zan sake tsayawa in ga irin wannan ba. Ko da kuskure nake, gara in yi kuskuren."

Ina so ki san wannan game da babanki. Ba mugu ba ne. Tsoro ne, tsoron da ya kwana a cikinsa tun ranar da aka haife ni. Kaka ma ta sani.

"Allah ya ji ƙan Mmanka," ta ce. "Amma ba zan tsaya rabin hanya don a ba ni daro ba. Kwata kuma ba zan tsallaka ba, Idi. Kai za ka tsallako mini da jaririn."

Ranar allura ta biyu Kaka ta yi wanka, ta sa leshinta na Salla, ta kafa ɗauri, ta zizara tozali. Ta ƙi hawa zem, babur ɗin haya. Da ƙafa muka bi layin, kuma duk ƙofar da muka wuce sai ta tsaya ta yi sallama da ƙarfi.

"Masu gida, na tafi karɓo ta biyu! Ko akwai saƙo?"

Ni ina bayanta, kaina a ƙasa, ina fatan ƙasa ta tsage. Amma can cikin ƙirjina wani abu yana tsalle. Ta biyun ba ta kwantar da ita ba, hannun ne kawai ya yi tsami kwana biyu.

Aka haife ki da damina, ruwan kogi ya cika, layinmu duk caɓi. A wannan ƙaramin asibitin aka haife ki, lafiya lau, babanki har ya ba ungozomar tukuici yana ta washe baki. Da aka dawo da ke, Kaka ta fito ta tsaya a gefenta na kwata, ta leƙa zanin daga nesa ta yi addu'a, ta koma ta zauna. Mma Salamatu ce ta karɓi wanka. Ta haifi nata 'ya'yan, an yi mata wankan, amma ba ta taɓa yi wa wata ba. Ni an hana ni ɗaukarki tunda ɗaki ɗaya nake kwana da Kaka, sai dai ba a hana ni jan ruwa da hura wuta da wankin zannuwa ba.

A wajen hura wutar na ga yadda Mma Salamatu take yi. Ruwan yana tafasa take sauke shi, ta zuba na sanyi ludayi biyu don sauri, tunda kokonta yana jiranta a bakin titi. Ba ta tsoma hannu. Ta ce mai jego sai da zafi, idan ba haka ba sanyi ya shige ta. Daga bayan langa-langar banɗaki ina jin ganyen yana sauka, fat, fat, amma ban taɓa jin muryar mamanki ba. Baƙuwa ce, mai kunya, ga haihuwar fari. An koya mata cewa mace ba ta raki. Ke kuma kina tsala ihu duk lokacin naki wankan, Kaka tana daga gefenta tana jin ki, tana damƙe gefen kujera.

Abu uku na lura da su. Mamanki ta daina jingina da bango idan tana ba ki nono. Idan ta kwanta, rub da ciki take yi. Sannan a rana ta biyar, ina wankin zaninta, na ga wani abu fari siriri ya manne a jiki, kamar ɓawon albasa. Na ɗaga shi a rana. Fata ce.

Na kai wa Kaka. Ta duba, ta miƙe tsaye har ta kai bakin kwata, yatsun ƙafarta a kan simintin. Sai ta tsaya.

"Idan na shiga da ƙarfi, gobe ko atishawa yarinyar ta yi za a ce ni ce. Mijinta yana nan. Je ki gaya masa."

"Kaka, ni?"

"Ke kika gani."

Yaya Idi yana ƙofar gida yana ɗumama babur. Ban taɓa tsayar da shi da magana ba a rayuwata. Na je na kama kan babur ɗin da hannu biyu.

"Ke, lafiya? Sakar mini, na makara."

"Yaya, ka ga bayan matarka?"

"Wace irin magana ce wannan?"

Na buɗe masa zanin. Muryata ta fita, har masu jan ruwa suka juyo.

"Ruwan ya dafa ta. Ba ta faɗa ba don tana jin kunyarka. Kaka shekara da shekaru tana wanka, ba ta taɓa ƙona kowa ba. Kuma ungozomar da ta karɓi 'yarka, wadda ka ba tukuici, ta riga Kaka yin allurar. Duk asibitin sun yi, a gabana aka faɗa. Hannun da ya fara taɓa 'yarka a duniya hannun mai allura ne. Ka je ka tambaye ta."

Ya kashe babur ɗin. Ya shiga ɗaki, na ji ya ce "Mariama, juya," sannan na ji salatinsa. Ya ɗauke ta zuwa asibiti a ranar. Aka wanke ƙunar aka sa magani, aka ce kada ruwan zafi ya sake taɓa wurin sai ya warke. Ko ya tambayi ungozomar, bai taɓa faɗa mini ba. Na dai san ya dawo bai kunna saƙon murya ko ɗaya ba.

Washegari, jajibirin suna, bayan la'asar, ya faki idon mutane ya zo ƙofarmu ya tsuguna, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kaka, in an yi magariba ki shigo ki duba su. Ba sai kowa ya sani ba."

Kaka tana gyaran goron suna, ba ta ɗago ba.

"Ɓarauniya ce ni?"

"Haba Kaka."

"Da rana tsaka ka liƙa mini ƙarfe, mata suna kallo har da na maƙwabta. Da rana tsaka za ka ɗora mini 'ya, a wurin da ka ɗora ƙarfen. Kai da hannunka."

"Kaka, 'yar fari ce. Ta yaya zan ɗauke ta a gaban su Baba da liman?"

"Kunya ce ta dame ka yanzu? To, Mariama zan aika mata da Zuwaira da mai, in gaya mata yadda za ta yi. Yarinya kuma tana nan gefenka. Ni ina nan gefena."

Da safe aka raɗa suna. Ba taro sosai saboda dokar cutar: liman, wanzami, babanmu da ya iso da asuba, abokan Yaya kaɗan, sai matan gida. Aka sa miki Hadiza, sunan kakarki ta Konni. Wanzami ya ce a wanke yarinya kafin aski. Mma Salamatu ta tashi tana gyara ɗamara. Ni kuwa tun da sassafe Kaka ta sa na wanke daron na fitar da kujerar, na ɗora ruwa, ban san ko za a yi amfani da su ba. Tana zaune a gefenta, ƙafafu a miƙe a kan daro, ta zame hannun rigarta na hagu har kafaɗa. Tabon lamba yana ƙyalli. Na sabuwar allurar ko alamarsa babu.

Labulen ɗakin yamma ya motsa. Yaya Idi ya fito da ke a hannu, a sandare, kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai. Abokansa suka fara gyaran murya, ɗayansu ya ce, "Kai, Idi, yau kai ne mai jegon?" Bai kula shi ba. Ya zo bakin kwata ya tsaya. An yi ruwa da daddare, kwatar tana gudu. Babanmu ya buɗe baki zai yi magana, liman ya dafa masa gwiwa. Sai babanki ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, ya durƙusa a cikin caɓi da sabuwar shaddarsa, ya ɗora kanki a kan damtsen Kaka.

Kina ta kuka tun daga ɗaki. Kaka ta tsoma gwiwar hannu a ruwa ba tare da ta sake ki ba, ta ce mini, "Ƙara na sanyi." Na ƙara. Kika wuntsila ɗan hannunki kika damƙi fatar damtsenta, kika ƙi saki. Kaka ta ɗago kai ta nemi Mma Salamatu a cikin mata.

"Salamatu, matso ki duba da kyau. Wannan ma ta liƙe."

Mamanki ce ta fara dariya, daga bayan labule, dariyar da ban taɓa jin ta yi ba tun da aka kawo ta gidanmu. Sai ta bazu har wajen maza.

Kada ki ɗauka daga nan komai ya koma daidai. Akwai gidajen da ba su sake kiran Kaka ba har ta bar duniya, kuma ta ji zafin wannan, ko da ba ta faɗa ba. Mma Salamatu ta yi wata biyu ba ta gaishe mu. Babanki bai yi allurar ba sai da aka fara tambayar shaidarta a ƙofar ofisoshi, kuma ya yi ta yana gunaguni. Ni na yi tawa a makaranta da aka zo kan 'yan shekarunmu, hannuna ya yi tsami, na kwana da ciwon kai, na tashi. Kaka ta wanke ki har kika yi arba'in, ta wanke ƙaninki bayanki. Shekara biyun da aka yanka mata ta zo ta wuce tana cin tuwonta, ta ƙara wasu biyun a kai. Hawan jinin da take fama da shi tun kafin a san sunan korona, shi ya kwantar da ita, da tsufa, da ajali. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban, ki tambaye shi ko yana ɗakin. Ni ina ciki.

Kuɗin kuwa, bayan suna da kwana biyu ta kwance haɓar zaninta ta aike ni wurin maƙeri ya huda shi. Ita ta murza zaren, ita ta ɗaura miki. Babanki ya gani, ya kau da kai ya wuce. Duk lokacin da kika ƙara girma zaren ya matse, ita take sakewa. Yanzu ni nake yi. Na lura jiya da kina wanka ya fara yi miki shaida a ƙugu. Gobe in na dawo daga makaranta ki kawo in sake zare. Kuɗin dai yana nan inda yake.